Shuruk Mai Amsa wa Kowa

Na san Shuruk tun kafin in ga fuskarta. Ina gida a garinmu Dumyaɗ, ba a daɗe da ba ni gurbi a tsangayar harhaɗa magunguna ba, sai ga saƙo daga wata lamba da ban sani ba. Mai saƙon ta ce ita ma sabuwar ɗaliba ce, ta saka ni a guruf ɗin hira na waya na 'yan ajinmu, kuma in zan taho in riƙo bargo mai kauri domin tagogin ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa rufuwa da kyau. Ban gama karantawa ba wani ya shigo: in nemi ɗaki a hawa na biyu, ruwa ba ya kaiwa hawa na uku. Na yi ta tunanin wanda ya ba ta lambata. Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ce. Tambaya ta riƙa yi, wannan ya haɗa ta da wancan, har ta tattara ɗaruruwan mutanen da ko zama a aji ɗaya ba su fara yi ba.

Ranar da na shiga ɗakin da aka ba ni, na tarar da wata siririyar yarinya zaune a bakin gado, ƙafarta ɗaya tana rawa a ƙasa, manyan yatsunta biyu suna gudu a kan waya.

"Ke ce Hadir," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Gadonki na jikin taga. Kin zo da bargon?"

"Na zo da shi."

"Yawwa. Bari in sallami wannan yaron, ya ɓata a hanyar ofishin rajista."

Ba ta sallame shi ba sai da na gama jera kayana, na yi salla, na ci gurasar da na zo da ita. A lokacin kuma wani ne ya ɓata.

Mu uku ne a ɗakin. Ta ukunmu Mirna ce, 'yar garin Minya, doguwa mai baƙar magana, wadda ke zuwa coci ranar Lahadi ta dawo mana da ƙosai mai zafi. Dukkanmu muna da waya, kuma ba wadda za ta ce wayar ba ta cin lokacinta. Mirna fina-finai take kallo masu dogon zango, ni kuma ina iya kwanciya ina kallon mata suna girki har cikina ya fara kuka. Amma mu in an ce ga abinci mukan kife wayar mu ci. Shuruk da hannu ɗaya take ci. In ta shiga wanka takan sa wayar a leda ta ɗora a kan taga, kana jin ruwa ya tsaya, ya ci gaba, ya sake tsayawa.

Ba wasa take yi a ciki ba, shi ya sa faɗa mata gaskiya yake da wuya. Aiki take yi. Ita ke naɗar muryar malamai ta tura wa waɗanda ba su zo lacca ba. Ita ta san ɗakin da aka mayar da darasi, da malamin da ya yi tafiya, da shagon da ke buga takardu da arha. In wani ya jefa tambaya a guruf, sai ka ga jikinta ya ɗauka kamar an taɓa ta da allura. Ba ta iya barin tambaya ta zauna babu amsa, ba ta kuma iya jure wani ya riga ta.

Wata safiya muna tsaye wurin mai waken da ke ƙofar jami'a, Mirna ta miƙa hannu ta rufe mata fuskar wayar.

"Dakta, wakenki ya huce." Haka ake kiran ɗaliban tsangayarmu tun kafin su gama.

"Wata ce ke neman hoton shafin da muka yi jiya."

"Hannunta ya karye ne? Ko ke ce uwarta?"

"Minti ɗaya ne fa."

"Tun da na san ki kike cikin minti ɗayan nan. Wallahi ranar aurenki ango zai tsaya a ƙofa kina ce masa bari in sallami wani."

Shuruk ta yi dariya, da gaske ta yi, amma idonta yana kan yatsun Mirna, tana jiran a ɗaga su.

Sai da muka yi nisa da sabo na san inda abin ya samo asali. Ita ce babba a gidansu, a wani ƙauye kusa da garin Mit Gamr. Babanta mai fenti ne, ya yi shekaru yana aiki a Kuwait, yakan zo gida sau ɗaya a shekara. Mamanta ba ta iya karatu sosai ba, don haka tun Shuruk tana firamare aka damƙa mata wayar gidan. Ita ke karanta saƙon baba, ita ke mayar da amsa, ita ke ɗaukar hoton ƙannenta ta tura. Mutum ne mai saurin shiga damuwa. In ya turo saƙo bai ga amsa nan take ba, sai ya kira maƙwabta, ya kira ƙaninsa, ya ɗauka gobara ce ko wani ya faɗa kogi. In an gama tashin hankali kuma kanta faɗan yake sauka.

"Har yanzu in na ga saƙo ban amsa ba," ta ce da ni, "sai in ji kamar na bar tukunya a wuta na fita."

A shekarar farko ta ci jarrabawa da kyau. A ta biyu ta ci da ƙyar. Takan buɗe littafi, ta karanta layi biyu, wayar ta yi motsi, shi ke nan. Laccocin da take naɗa wa mutane ita ba ta taɓa saurarensu ba, kuma lokacin da ake yin su hankalinta na wurin turawa. 'Yan aji kuwa sun mayar da ita kamar famfo. Ba sa duba allon sanarwa, ba sa tambayar malami. Abin da Shuruk ta faɗa shi ne magana.

A shekara ta uku, cikin hunturu, wanda shi ne lokacin ruwa a ƙasarmu, aka yi ruwan sama irin wanda ke mayar da hanyoyin ƙauye taɓo. Washegari muna da jarrabawar gwaji a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, ta wani malami mai suna Dakta Midhat, dattijo mai ƙaramin jiki wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ba a kuma taɓa jin ya janye magana ba. Tun da yamma guruf ya rikice. Masu zuwa daga ƙauyuka a ƙananan bas suna tambaya: za a yi ko an ɗage? Tambaya ɗaya, baki ɗari. Kowa yana kiran sunanta. Shuruk tana kai da komo tsakanin taga da ƙofa, ta kira wannan ba ya ɗauka, ta rubuta wa wancan bai buɗe ba. Ta zauna, ta tashi. Ta zuba shayi ta manta da shi.

Kafin magariba wani saƙon murya ya shigo mata. Namiji ne, ya ce yanzu ya rabu da mataimakin Dakta Midhat, an ɗage jarrabawa zuwa mako mai zuwa saboda ruwa. Na ji saƙon da kunnena domin a fili ta kunna shi. Ina ganin yadda kafaɗunta suka sauka. Nan take ta rubuta a guruf: an ɗage, kowa ya zauna a gida.

Addu'o'i suka yi ta zubowa. Allah ya biya ki, Dakta. Allah ya bar mana ke.

Mirna ba ta ɗakin, ta kwana gidan wata gwaggonta a cikin gari, kuma ita dama ba ta buɗe guruf, ta ce hayaniyarsa na sa mata ciwon kai. Da safe ta wuce lab abinta. Wajen hantsi, ina shanya kaya a igiyar cikin ɗaki, sai ga kiranta.

"Hadir, kuna ina?"

"Muna ɗaki. Ai an ɗage."

"Wa ya ɗage? Yanzu na fito. Rabin kujeru babu kowa, Dakta ya kira suna ya rufe ƙofa."

Shuruk ta ji. Ta zauna a ƙasa, ta jingina da gado, ta buɗe wayar.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Mutanen da jiya suke sa mata albarka su ne suka fara. Wani ya ce wa ma ya naɗa ta. Wata ta ce dama neman suna take yi, so take a ce ita ce ta sani. Wani ya ɗauko hotonta na ranar wata walima ya rubuta maganar banza a ƙasa, aka yi ta yaɗawa. Akwai waɗanda kukansu na gaskiya ne, kamar yarinyar da ta ce in ta faɗi wannan darasi babanta zai cire ta daga makaranta. Akwai kuma waɗanda sun rubuta jarrabawar lafiya lau, zagin ne kawai ya yi musu daɗi.

Shuruk ta karanta duka. Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Tana amsa wa kowa da sunansa, tana ba da haƙuri, tana bayani, su kuma suna ɗaukar bayanin suna mayar mata da shi zagi. Lambar da ta turo saƙon muryar ta daina shiga. Har yau ba mu san ko ƙeta ce ko shi ma ji ya yi a bakin wani ba.

Na ce, "Shuruk, ki ajiye haka nan. Ba abin da za ki rubuta da zai huce musu yau."

"Bari in ga abin da wannan ta ce."

"Zagi ne. Na faɗa miki tun kafin ki buɗe."

"To bari in gani."

Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Ta fita daga guruf da kanta, na yi murna, ashe ban san komai ba. Ina fitowa daga banɗaki na same ta da tawa wayar, tana bin abin da aka faɗa bayan fitarta. Mirna ta ƙwace wayoyin biyu ta jefa a akwatinta ta kulle, ta zauna a kai.

"Ki ba ni, Mirna."

"Ba zan bayar ba."

"Babana zai iya kira."

"In ya kira ni zan ɗauka, in ce masa 'yarsa na nan da rai, hankalinta ne ya tafi yawo."

Shuruk ta tsaya a tsakiyar ɗaki, hannuwanta ba su san inda za su sa kansu ba. Ta shafa aljihu. Ta gyara mayafi. Ta leƙa taga, ta dawo, ta sake shafa aljihu. Ta fita baranda ta sauka bene ta hau, ta sauka ta hau. Da ta dawo tana haki, sai ta ce, "Zan je wurin Dakta Midhat."

Ni na raka ta. Muka tsaya a barandar ofishinsa tun safe har aka kira azahar, babu waya a hannun kowa, tana karanta duk takardar da aka manna a bango, har da ta gyaran famfo. Da ya ba mu izini muka shiga, bai ce mu zauna ba.

"Ke ce mai ɗage jarrabawa," in ji shi.

"Ni ce, Dakta."

"Wa ya faɗa miki?"

"Wani ne ya turo saƙo."

"Wane ne shi?"

Ta ce, "Ban san shi ba."

Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa. "Gobe kina tsaye a kemis, wani da ba ki sani ba ya turo saƙo ya ce likita ya ce a ninka maganin. Ninkawa za ki yi?"

"A'a."

"Me ya sa ba ki jira ba?"

"Suna ta tambaya, Dakta."

"Sai me?"

A iya sanina wannan ce tambaya ta farko da ta bari ta wuce ta. Ta ce masa ita ba don kanta ta zo ba, a kayar da ita, amma sauran ba su da laifi. Ya ce suna da laifi, domin allon sanarwa na nan a ƙofa kuma suna da idanu. Ya daɗe yana juya biro a hannu. Daga ƙarshe ya ce zai sake jarrabawar ga waɗanda ba su zo ba, amma ba wanda zai wuce makin tsira ko da ya amsa komai daidai. Kuma ba za a rubuta sanarwar a waya ba. Ita za ta tsaya gaban aji ta faɗa da bakinta.

Ta faɗa. Yarinyar da ke magana da ɗaruruwan mutane kullum ba ta taɓa tsayawa gabansu ba, muryarta ba ta fita sosai, na baya suna cewa ba sa ji. Da suka ji, wasu suka sauke ajiyar zuciya, wasu suka fara gunaguni a kan makin da aka rage. Ba wanda ya ce mata sannu. Muka sake jarrabawar, ni da ita da sauran.

Ba a yi mako biyu ba wani daga cikin waɗanda suka fi zaginta ya turo mata saƙo a gefe: Dakta, don Allah laccar jiya. Ko gaisuwa babu. Mirna na kallo, Shuruk ta tura masa.

"Ke wai ba ki da zuciya ne?"

"Ina da laccar a wayata, me zai hana in ba shi?"

"Abin da zai hana shi ne ya kira ki jaka a gaban mutane."

"Na sani," in ji Shuruk. "Na gani ai."

A ƙarshen shekarar ta faɗi darussa uku, aka ce ta maimaita aji. Na bi ta ƙauyensu a hutun bazara. Mamanta, mace mai faɗin jiki da sanyin murya, ta shimfiɗa mana tabarma a soro, muna naɗe shinkafa cikin ganyen inabi. Shuruk ta ɗora wayar a gwiwa, takan naɗe ɗaya ta leƙa.

"'Yata," mamar ta ce da ni, "ke da kike zaune da ita, wa take nema a cikin abin nan?"

"Mama, ita ake nema."

"Ni ma ina nemanta, ga ni kusa. Jiya na faɗa mata gwiwata na ciwo, ta ce to. Da yamma ta tambaye ni me ya sa nake ɗingishi."

Shuruk ta kife wayar a tabarma. Ta naɗe ganye huɗu ko biyar a jere, da sauri, duk suka fashe. Mamar ta kwashe su ta sake naɗewa.

Da aka koma makaranta ta zo da wata tsohuwar ƙaramar waya mai madannai, babbar ta bar ta a gida. Mun ɗauka za mu huta. Sai ga shi duk kuzarin da take zubawa a guruf ya dawo kanmu. Ta wanke labulen ɗaki. Ta jera littattafan Mirna bisa tsawo, Mirna ta yi kwana uku tana neman ɗaya. Takan fita bakin kogin Nilu ta yi ta tafiya har gada ta dawo, ta zauna, ta ce ko akwai mai son shayi. In muna karatu sai ka ji ta a bayanka tana tambaya ko ka gane, ko ta yi maka bayani.

"Hadir," in ji Mirna, "mu haɗa hannu mu ɗauko mata wayarta, ko ni in koma gidan gwaggo."

Amma a watannin nan ta yi karatu irin wanda ba ta yi ba tun shekarar farko, ta kuma yi ƙiba kaɗan. Sabbin 'yan ajinta suna da nasu guruf da nasu mai amsa tambaya, wani yaro mai yawan kuskure. Takan ji labarin kuskurensa a bakin mutane ta dawo ɗaki tana cizon yatsa. Ta daure har azumi. Da ta je gida hutun salla ta dawo da babbar wayar, ta ce saboda hotunan darasi. Ba ta sake karɓar ragamar wani guruf ba har ta gama, shekara ɗaya bayanmu, amma tana cikin kowanne, tana karantawa, takan rubuta amsa ta goge.

Yanzu tana aiki a wani kemis a Mit Gamr, kusa da tashar mota. Babanta ya dawo gida gaba ɗaya, ƙirjinsa bai ƙara jure warin fenti ba. Ta auri wani malamin lissafi mai suna Ra'afat, mutum mai nauyin baki wanda ke iya zama awa guda yana kallon kogi. A watan jiya na biya ta wurinta. Na same ta da tsohon ciki, tana auna hawan jinin wata tsohuwa, tana yi wa wani bayanin maganin tari, tana kuma yi mini nuni da kujera da haɓa. Tsofaffin unguwar suna sonta. Ta san maganin kowa da ranar da zai ƙare, takan kira su tun kafin su tuna.

Da mutane suka ragu ta kawo mana ruwan rake daga shagon gefe. Ta ce mini ta shiga guruf na masu ciki har guda shida, kuma a cikin ɗaya ana ta koya wa mata shan wani haɗi da zai iya cutar da jariri.

"Na yi musu bayani, sun ce ina da girman kai. Ra'afat ya ce in fita."

"To ki fita mana."

"In na fita wa zai faɗa musu?"

"Likitocinsu."

Ta kalle ni kamar na yi maganar yara. Ta kurɓi ruwan raken, ta tashi ta gyara kwalayen da ke kan kantar shagon, ta dawo ta zauna a gefen kujera. Ta tambaye ni labarin Mirna, na fara ba ta, tana gyaɗa kai. Sai wani mutum ya shigo da takardar likita, ta miƙe tun bai ƙaraso ba. Na jira ta sallame shi, wata mata ta shigo, sai wata. La'asar ta yi, motar Dumyaɗ ta kusa cika. Na ɗauki jakata na ɗaga mata hannu daga ƙofa, ta ce in dakata ta raka ni, yanzun nan. Na ce ta yi zamanta, na san hanya.